Alhaji, ɗauki mai injin 5L, ka bar 'yar Beljiyam

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga hotunan Hilux biyun da ka turo: ta 2018 mai injin 2.4 da aka sauke a Duwala daga Beljiyam, da ta 2014 mai injin 5L wadda tun asali don ƙasashenmu aka ƙera ta. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ɗauki ta 2014.

Irinta ce a ƙofar gidana a nan Garwa, yau shekara bakwai. Wata damina cikin Agusta na ɗauko masara da mutum uku daga kasuwar Mbaibum. Bayan mun wuce Tuboro muka tarar ruwa ya cinye hanya, muka yi ta zagaye cikin laka har allurar mai ta kwanta. Babu gidan mai ko ɗaya, sai wani dattijo da durom a bakin rumfarsa. Gazuwal ɗin nan launinsa kamar shayi, warinsa har hawa kai yake. Muka bar shi ya kwanta a jarka, muka tace da ƙyalle, na yi bismillah na zuba. Bugu ɗaya motar ta tashi, ta ja kayanta ba gardama har muka hau kwalta. Da na iso gida filtar mai kawai na canza, na zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta. Injin ne mai lita 3, ba turbo, ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba. A hawan dutsen Ngaundare da kaya sai ka yi haƙuri da giya ta biyu. Amma duk bakaniken da ke tsakanin Ngaundare da Kusiri ya san cikinsa, kayansa kuma ba sai an aika Duwala ba.

'Yar Beljiyam ta fi gudu, ta fi daɗin zama, ta fi tsimin mai, ban musa ba. Na taɓa sayen wata a-kori-kura ta Turai, ba wannan samfurin ba, wata takwas na yi da ita na sayar da asara. A Figil, kan hanyar Marwa, fitila ta kama a dashbod, injin ya ƙi jan komai, muka ƙarasa kamar masu rakiyar amarya.

Ba laifin maƙeranta ba ne. An ƙera ta ne don wani irin mai, mu kuma wani muke zubawa. Maganar duk a kan salfa take, wato farar wuta da ke cikin gazuwal. A Turai tun 2009 doka ba ta yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Amurka kashi 15 ne tun 2006. Najeriya kuwa, inda zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, ke fitowa, shekaru da dama ƙa'idarta ta yarda da har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, amma Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a watan Mayun 2019, shigo da tataccen mai ake yi daga waje. Kai da ke tsaye a gaban famfo ba ka da hanyar sanin abin da ake zuba maka, ba a rubuce yake ba, ido ba ya gani, kuma ƙyalle ba ya tace shi, domin a narke yake cikin man.

Ga abin da ke faruwa a cikin ta 2018. A salansarta akwai tukwane a jere. Ta farko tana ɗauke da ƙarfe mai daraja irin su filatinam, aikinta ta ƙone ragowar hayaƙi ta kuma samar da zafi. Ta biyu ita ce DPF, matatar da ke kama baƙin hayaƙi. Idan ta cika, kwamfutar motar takan ƙara fesa mai har zafin ya kai wajen digiri 600, hayaƙin ya ƙone, matatar ta buɗe. Farar wuta idan ta ƙone takan dafe a fuskar tukunyar farko ta rage mata kuzari, sai zafin da ake bukata ya ƙi samuwa yadda ya kamata, ga kuma ƙarin datti da ita kanta take turawa cikin matatar. Sai kwamfuta ta yi ta maimaita ƙonawar. Garin haka wani ɓangare na gazuwal ɗin yana iya zurarewa cikin baƙin mai. Shi ya sa za ka ja sanda ka ga baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya tsinke, yana warin gazuwal. Wanda bai sani ba sai ya yi murna injinsa ba ya shan mai, alhali metal da turbo ne ke ci a jikinsu. A ƙarshe matatar ta toshe, kwamfuta ta riƙe ƙarfin injin don kada ya lalace. Abin da ya same ni a Figil ke nan.

Tanki ɗaya ba ya kashe ta. A hankali abin ke taruwa, kuma zirga-zirgar cikin gari da barin inji yana aiki a tsaye suna gaggauta shi.

Akwai kuma tsami. Hayaƙin farar wuta idan ya haɗu da danshi yakan zama asid, ya ci bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, ya kuma gajiyar da baƙin mai da wuri. A nan mai 'yar Turai yake shiga tsaka mai wuya: DPF tana bukatar baƙin mai mai ƙarancin toka, irin wanda ake rubuta ACEA C a jikin galan, shi kuma wannan bai kai na gargajiya ƙarfin kashe tsami ba. Ka zuba na gargajiya, tokarsa ta cika matatar, kuma toka ba ta ƙonewa. Mai 5L ba ruwansa da wannan, baƙin mai 15W-40 mai kyau ya zuba ya yi juye a kan lokaci.

Na uku shi ne AdBlue, ruwan nan mai shuɗin murfi da ake zubawa a tankinsa daban don tsabtace hayaƙi, yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tsabtataccen ruwa. Ba ya son zafi, kai kuwa ka san Garwa da Marwa a Maris da Afrilu, sama da digiri 40. Idan ya ƙare a tanki ka kashe motar, ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Ka yi tunanin haka ta same ka tsakanin Waza da Dabanga.

Kada a rikita maka abu biyu: matsalar farar wuta daban, ta ruwa da ƙura daban. Nozul na sababbin injuna, masu fesa mai da matsin da ya kai wajen bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), ruwa da ƙura ne manyan makasansu. Saboda haka ko ka sami 2.4 ta kasuwar Afirka wadda ba ta da DPF, ta fi ta Beljiyam dacewa da mu nesa ba kusa ba, amma ita ma ba ta yafe man durom yadda 5L ke yafewa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka saboda Allah. Akwai dillalan da ke yanka tukunyar DPF su farfashe cikinta, su yi walda su shafa fenti, su goge laifin da kwamfuta, wasu har su toshe fitilar dashbod, sannan su ce maka an mayar da ita ta ƙasar zafi. Idan aikin kwamfutar bai yi daidai ba, bayan 'yan kwanaki motar za ta riƙe ƙarfi a tsakiyar daji, mai sayarwa kuma ya daina ɗaga waya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko duk fitilun sun kama kafin su mutu. Ka sa yatsa a bakin salansa: mai lafiyayyar DPF ba ta barin baƙi sosai, idan yatsanka ya fito kamar gindin tukunya to an taɓa ta. Ka leƙa ƙasa ka nemi sabuwar walda. Lambar kilomita ma kada ka gaskata ta a kan kowace daga cikin biyun, dubi yadda sitiyari da feda suka goge. Kuma bakanikenka za ka je da shi, ba na mai mota ba.

Abu ɗaya ke damuna da tawa, hayaƙinta. Abin da DPF ke kamawa a Turai mu huhunmu da na yaranmu ke kama shi. Na daina barinta tana ɗumi a cikin gida da safe, waje nake fitar da ita, kai ma ka yi haka.

Idan ka ɗauki ta 2014 ɗin, juye duk kilomita 5,000, filtar mai ɗaya kullum a bayan kujera, kuma ka canza bel ɗin tayimin a makon farko ko da an rantse maka sabo ne, domin idan ya tsinke bawul yake tafiya da su. Kafin ka ba da ko sefa ɗaya, ka sa a kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, zan zo da tocila mu shiga ƙarƙashinta tare.