NumPy: Yana Da Sauri, Amma Ba Ya Faɗa Maka Idan Ka Yi Kuskure

Duk mai son yin lissafin kimiyya da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko ba daɗe ko ba jima sai ya biyo ta kan NumPy, laburaren lissafi da jerin lambobi. Travis Oliphant ne ya haɗa shi a 2005 daga tsofaffin laburare biyu, Numeric da Numarray, kuma a kansa wasu laburare kamar SciPy da pandas suka ginu. Kyauta ne. Ka rubuta `pip install numpy`, sai `import numpy as np`, shi ke nan ka shiga.

Ƙarfinsa yana cikin jerin lambobinsa, `ndarray`. Lambobin duk iri ɗaya ne, a jere suke a ma'adanar kwamfuta, kuma da harshen C aka rubuta ainihin lissafin. Lamba miliyan ɗaya ta nau'in `float64`, wato lambobi masu ɗigo, tana cin megabait 8 kacal. Maimakon ka bi su ɗaya bayan ɗaya da `for`, sai ka rubuta `a * 2`, a ninka su gaba ɗaya. A nan babu abin kushewa.

Inda mai koyo yake shan wuya shi ne NumPy yakan karɓi kuskurenka ya ba ka amsa, ko uffan ba zai ce ba. Ɗauki `a = np.array([1, 2, 3])`, sannan ka ce `a[0] = 2.7`. Abin da za a ajiye 2 ne, domin jerin na cikakkun lambobi ne, an yanke ɗigon. Haka jerin `uint8`, wanda ake yawan riƙe hotuna da shi, iyakarsa 255: ƙara 10 a kan 250, sai ka ga 4.

Wanda ya fi cin mutane shi ne yanka. Idan ka ce `b = a[0:2]`, ba sabon jeri ka samu ba, leƙe ne cikin na asali. Ka canza `b`, `a` ma ya canza, bayananka na asali sun lalace ba ka sani ba. An yi hakan ne da gangan don kada a cika ma'adana da kwafi, kuma dabara ce mai kyau, amma dole hannunka ya saba da `.copy()`.

Sai siffar jeri. Ka debe jeri mai siffa (3, 1), wato layi uku kowanne da lamba ɗaya, daga mai siffa (3,), wato lambobi uku a jere, kana jiran lambobi 3, sai ka samu tebur mai lambobi 9. Alamar `*` kuma gida-gida take ninkawa, ninkin matiriks da `@` ake yi. Shi ya sa shawarata ga mai farawa ita ce ya riƙa buga `.shape` (siffar jeri) da `.dtype` (nau'in lambobinsa) bayan kowane mataki har ya zame masa jiki.

Ƙananan abubuwa: kada ka gwada lambobi masu ɗigo da `==`, domin 0.1 + 0.2 ba ya fitowa 0.3 daidai, `np.isclose` ne maganinsa. `nan` (alamar "ba lamba ba ce") guda ɗaya a cikin jeri yana ɓata lissafin matsakaici na `np.mean` gaba ɗaya, sai ka koma `np.nanmean`. Ka kuma guji `np.append`, mai ƙara lamba a ƙarshen jeri, a cikin `for`, kowane zagaye sai ya sake kwafe jerin duka.

Jagorar masu farawa da ke shafin numpy.org ta isa a soma da ita. A dai lura da tsofaffin darussan intanet, domin NumPy 2.0 da ya fito a Yunin 2024 ya cire wasu sunaye kamar `np.float_`, kuma misalan da suka dogara da su ba za su yi aiki ba.