Soson katifa, na kwali ko na silifas: wanne zai tare kan yaro?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na karanta tambayarki: ƙaraminku ya fara dafa abu yana miƙewa, falon tayil ne, akwai ginshiƙi mai kaifin kusurwa da teburin gilashi, ga kuma mahaifiyarki da ke zaune da ku, ƙafa ta fara yi mata gardama. Kina da tsohuwar katifa da kike tunanin yankawa, da farin soson da ya zo cikin kwalin firji, wata kuma ta ba ki shawarar tabarmar nan mai haƙora da ake harhaɗawa. Aikin kujeru da gadaje nake yi a nan Jos, kullum hannuna na cikin soso, don haka bari in jera miki su.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne taushi daban, kariya daban. Ɗauki guntun katifar ki aza a kan tayil, ki dunƙule hannu ki danna da ƙarfi. In kin ji taurin tayil ɗin a gaɓoɓin yatsunki, to goshin yaro ma zai ji shi. Soson da ke tare bugu shi ne wanda yake lotsawa a hankali yana turjiya, ba ya barin abin da ya faɗo masa ya kai ƙasa.

Dalilin yana cikin ƙirar soson. Na katifa da na kujera, wanda ake yi da sinadarin foliyuretan, ƙananan ramukan cikinsa a buɗe suke, suna haɗe da juna. Kina dannawa iska ta fice, ya kwanta. Wannan ne ya sa yake da daɗin kwanciya, shi ne kuma ya sa yake shan ruwa, ya riƙe fitsarin yaro da kunun da ya zube, ya yi wari da damina. Farin na kwali mai lanƙwasuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira EPE, da na tabarma mai haƙora, wato EVA, ramukansu a rufe suke, kamar dubban ƙananan balan-balan da aka ɗaure wa baki. Iskar ba ta da hanyar fita, sai ta tokare. Ɗiga musu ruwa ki gani: zai tsaya a sama ya gangare, na katifa kuwa ya shanye shi nan take.

Ga daɓen falo, EVA ne zaɓina ba tare da wani kokwanto ba. Shi ne abin da ake yin yawancin silifas da ƙasan takalman gudu da shi, kin ga kuwa an saba taka shi. Ana goge shi da tsumma da ruwan sabulu, ba ya narkewa ƙarƙashin ƙafa, kuma a garin nan yana da wani amfani na biyu: yana raba jikin yaro da sanyin tayil a Disamba da Janairu, lokacin da ko babba ba ya iya taka ƙasa da asuba ba takalmi. Na yara masu haruffa da launuka yawanci kaurinsu wajen santimita 1 ne. In da hali, nemi na masu wasan kareti da motsa jiki, mai faɗin mita 1 kowane gefe, kauri santimita 2 zuwa 4. Ya fi tsada, amma mahaɗarsa kaɗan ce, kuma a mahaɗar nan ne ruwa da ɓurɓushin abinci ke shiga su kwanta. Masu haruffan suna da wata illar: ƙananan guntayen da ke fita daga tsakiyar harafi, yaro mai fitar da haƙora bakinsa zai kai su.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da sabon EVA. A ƙarshen 2010 ƙasashen Beljiyam da Faransa sun dakatar da sayar da irin waɗannan tabarmi na yara saboda wani sinadari, fomamaid, da aka samu yana fita daga wasunsu, daga baya kuma Tarayyar Turai ta sa masa iyaka a 2015. Namu na kasuwa sau da yawa babu takardar da za ta nuna an gwada su. Shawarata ita ce ki buɗe ledar tun a shago ki shinshina. Wanda warinsa ke hawa kai ki bar musu kayansu. Wanda kika saya kuma ki baje shi a inuwa inda iska ke kaɗawa na wasu kwanaki kafin yaro ya hau.

Farin na kwalin firji iri biyu ne, kada ki haɗa su. Akwai mai tauri, wanda in an karya shi yake zubar da ƙananan ƙwallaye farare. Wannan ki fitar da shi daga gidan gaba ɗaya: bugu ɗaya yake ɗauka ya lotse bai dawowa, gam ɗin masu takalmi yana narkar da shi, ƙwallayen kuma suna shiga hanci da maƙogwaron yaro. Ɗayan, mai lanƙwasuwa da ɗan santsi, shi ne EPE, kuma yana da amfani. Bai dace da ƙasa ba, domin in ana yawan taka shi sai ya daɓe ya zama fallen banza. Amma a jikin bango ko ginshiƙi, inda ba kullum ake bugunsa ba, yana aiki sosai, ga shi ba nauyi. Matsalarsa ɗaya, gam ba ya kama shi da kyau. Don haka ba a liƙa shi kai tsaye.

Yadda nake yi wa ginshiƙi shi ne: a yanka siririn katako daidai faɗin kowace fuska, tsayi kamar mita 1 daga ƙasa, a shimfiɗa EPE ninki biyu ko uku har ya kai santimita 3 zuwa 5, a tabbata ya zagayo kusurwar, don nan ne haɗarin yake. A kan wannan ne tsohuwar katifarki za ta yi rana: a yanko falle siriri a ɗora a sama don taushi, sannan a ɗame duka da ledar kujera, a buga ƙusa ta baya. EPE a ciki, soson katifa mai taushi a waje, leda ta rufe. Kowane mai aikin kujera a kasuwar Katako ta nan Jos zai iya yi miki wannan cikin yini guda. Kada a bar soso ko wane iri tsirara inda hannun yaro ke kaiwa, da farce da haƙori zai tsittsinke shi.

Teburin gilashi kuwa, gaskiya a ɗauke shi daga falon har yaron ya yi ƙwari. In ba zai yiwu ba, baƙin robar da masu gyaran AC ke sa wa bututu, a tsaga ta a tsaye a sa wa gefen, ta fi duk sauran zama daidai, amma a naɗe ta da kyau, ita ma tana gutsuruwa.

Sai zancen Mama, Allah ya ƙara mata lafiya. Bukatarta ta sha bamban da ta jikanta. Soso mai taushi a ƙarƙashin ƙafar dattijo haɗari ne, ƙafa na nitsewa, jiki na tangaɗi. Gefen tabarmar da ya ɗago ko da kaɗan ne yana iya harɗe ta. Saboda haka kada shimfiɗar yaron ta ratsa hanyarta ta zuwa banɗaki ko ɗakinta, a tsayar da ita a kusurwa guda. In tsoron faɗowa daga gado ake yi da dare, akwai soson haɗaka, mai dabbare-dabbaren launuka, wanda ake niƙa guntaye a matse su da gam, irin na cikin katifar masu ciwon baya. Yana da nauyi da tauri, ya fi kowanne jure nauyin babban mutum. Kaurin santimita 5, a rufe da leda domin shi ma yana shan ruwa, a fere gefensa ya yi gangare, a shimfiɗa bayan ta kwanta, a ɗauke kafin ta tashi alwalar asuba. Rage tsayin gadon ma ya fi wannan duka sauƙi. Banɗaki kuma ba wurin soso ba ne, tabarmar roba mai kama ƙasa da ƙarfen dafawa a bango ake sa wa.

In za ki sayi sabon soso, za ki ji ana cewa dansiti kaza. Ma'anarsa nauyin soso mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, a kilo. Ke ma kina iya aunawa: falle mai mita 1 da mita 1, kauri santimita 10, in dansiti 30 ne zai yi kilo 3. Lambar tana nuna yawan kayan da ke ciki da yadda zai daɗe, ba ta nuna taurinsa. Gwajin dunƙulen hannu dai shi ne alƙali.

Abin da ya fi damuna a gidajenmu na Jos shi ne wuta. Duk waɗannan sosan suna ci, amma na katifa ya fi saurin kamawa, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, yana kayar da mutum kafin harshen wutar ya iso shi. A Fabrairun 2003, a jihar Rod Ailan ta Amurka, mutum 100 suka rasu a wani gidan rawa da aka manna wa bangonsa irin wannan soson don rage ƙara, tartsatsi ya taɓa shi. Mu kuma lokacin hunturu muna shigo da kaskon gawayi da hita cikin falo, in an ɗauke wuta a kunna kyandir, ga turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Kada a lulluɓe bango duka da soso, a tsaya a inda ake bukata. Kada a rufe soket da shi. Kasko da hita su yi nesa da shimfiɗar da aƙalla mita 1, in kuma falon ba zai ba da wannan tazarar ba, a naɗe tabarmar kafin a kawo wutar.

Wani abu kuma, tunda kina da guntayen katifa a hannu: kada ki jera su a gefen gadon jariri. Soso mai taushi kusa da fuskar jariri mai barci yana iya toshe masa numfashi, har Amurka ta haramta sayar da irin waɗannan matasan gefen gado a 2022. In za ki je wajen mai kujera, auna faɗin fuskokin ginshiƙin huɗu ki tafi da awon, tare da EPE ɗin da kike da shi, sai ya gaya miki ko zai isa ko sai an ƙaro.