Hattara da masu “duba gara kyauta” da ke yawo a unguwannin Sakkwato

Jama'a, musamman masu sabon gini a wajajen Arkilla, Bado, Mabera da Gidan Igwai, a yi hattara da wasu samari da ke yawo bibbiyu a kan babur, da famfon feshi goye a baya. Cewa suke yi an turo su duba gara gida-gida, kuma dubawar kyauta ce. Ba sa zuwa sai da hantsi, bayan maigida ya fita nema. Kasuwarsu ta fi ci a farkon damina, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da shinge ke fitowa ya yanyame ƙwan lantarki. Shingen nan daga suri yake tasowa, watakila ma surin yana can cikin wani fili da ba a gina ba, don haka ganinsa a tsakar gida bai nuna gara ta kama gidan ba. Amma matar da ta wayi gari tana sharar fukafukai, hankalinta ya riga ya tashi tun kafin su yi sallama.

Ga yadda suka yi a gidan wata gwaggona. Ɗaya ya tsaya yana jan ta da hira, ɗayan ya hau silin da jaka rataye a kafaɗa. Bai daɗe ba ya sauko da guntun katako duk ya rarake, ya murtsuke shi da yatsu a gabanta, ƙasa na zuba. Ya ce, “Hajiya, Allah ya so ki. Wanga rufi ba shi kai ƙarshen damana.” Suka yanka mata kuɗi, wai rabi yanzu don a sayo magani kafin kasuwa ta tashi. Ta ce su bari ɗanta ya dawo. Da yamma yaron ya kira kafintan da ya yi rufin tun farko. Kafinta ya juya guntun a hannu ya yi dariya, ya ce duk katakon rufin nan da hannunsa ya shafe shi da baƙin mai, wannan kuwa fari ne tas, ko ramin ƙusa babu a jikinsa. A jakarsu suka zo da shi.

Waɗanda suka biya fa, me aka fesa musu? Ruwa da kananzir da ɗan ota-piya-piya don wari ya tashi. Mu kuwa in gida ya ɗauki wari har ido na yaji, sai mu ce magani ya yi ƙarfi. Sinadarin da aka fi haɗa ota-piya-piya da shi, wato DDVP, guba ne mai saurin bin iska, ba ya zama a ƙasa. Ita kuwa garar da ke cin gidajenmu gidanta na ƙarƙashin ƙasa, can uwarsu take tana zuba ƙwai. Ka fesa bango ka kashe na sarari, bayan 'yan makonni wasu su fito ta wata kafar. Ga kuma haɗarin fesa wannan guba a ɗakin da yara ke kwana a rufe, cikin zafin nan namu. Aikin gaske haƙa ake yi a kewaye tushen gini, wani lokaci har a huda daɓe, a ɗura maganin da ke zama cikin ƙasa, irin masu ɗauke da fifronil ko imidakulofirid. Ba aikin rabin sa'a ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ake yi wa masu sayen gida, domin nan kuɗin ya fi nauyi. Wasu daga cikin masu dubawar nan bakinsu ɗaya da baragurbin dillalai. In kai ne mai saye, dillali ya kawo maka “ƙwararre” ya zagaya ya ba ka takarda mai hatimi cewa gida lafiya lau, alhali an kankare hanyoyin gara an bi da sabon fenti. In kai ne mai sayarwa, shi dai wannan mutumin zai zo ya girgiza kai ya ce gara ta gama da gidan, don ka karya farashi. Saboda haka kada ka yarda wanda ke jiran la'ada ya zaɓo maka mai dubawa. Tafi da kafintanka da maginin da ka sani, ka biya su ladan yininsu.

Kai ma da idonka za ka iya ganin abubuwa da dama. Gara ba ta son haske da bushewa, shi ya sa take gina 'yar siririyar hanya ta ƙasa a jikin bango, daga daɓe zuwa sama. Ka karya tsakiyar hanyar ka dawo bayan kwana biyu. In an toshe, tana ciki da ranta. Ka ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga da gindin sukundireba, musamman daga ƙasa: wanda aka ci, ƙararsa holoƙo ce, fatar waje kawai ta rage. Ka duba inda danshi yake, wato bayan bayi, gindin tanki, inda famfo ke yoyo, da bayan kabad ɗin da aka manna a bango. In kuwa wani gari mai laushi kamar fulawa ka ga yana zubowa daga ƙananan huji, wannan ƙwaron katako ne, ba gara ba, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Sabon fenti a kusurwa ɗaya tak cikin tsohon gida kuwa, ka tambayi dalili.

Duk wanda ya ce hukuma ta turo shi, ya nuna katin aiki, ka kuma tuntuɓi sashen duba-gari na ƙaramar hukumarku ko mai unguwa kafin ya taka soro. Kamfanin feshi na gaskiya yana da lasisi daga majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON. A buɗe galan ɗin magani a gabanka, ka ga sunansa da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Abin da aka zo da shi cikin robar ruwa kada ya shiga gidanka. Mata kuma, don Allah, in maigida ba ya nan a sallame su daga bakin ƙofa, domin wanda ya hau silin ya riga ya ga ɗakunan gidan da abin da ke cikinsu. In kun gan su, ku ɗauki lambar babur ɗin ku kai wa mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.