Gidan abincin otal ko na cikin gari?

Kukun otal baƙi daga ko'ina yake dafa wa, don haka sai ya sassauta yaji da gishiri, kada ya ɓata wa kowa. Abinci zai fito tsaf a faranti fari fat, amma ɗanɗanon ba yabo ba fallasa. Inda otal ya yi zarra shi ne natsuwa: kujera mai laushi, ga sanyi, kafin ka ɗaga hannu ma'aikaci ya iso. Sai dai sanyin nan da hidimar duk kai za ka biya.

Na cikin gari kuwa masu dawowa ne jarinsa, shi ya sa ba ya wasa da ɗanɗano. Kala huɗu ko biyar ne kawai, tukunya na ƙarewa a ɗora wata. Ga hayaniya, ga jira, wani sa'in ka tarar abin da ya kawo ka ya ƙare. Duk da haka can ƙafata ta fi zuwa.

In kuma na tsinci kaina a teburin ɗebi-da-kanka na otal, murfi nake fara ɗagawa in ga ko tururi na tashi. Dafaffen abincin da aka ajiye ana son zafinsa ya wuce digiri 60, don haka miyar da ta yi fata a sama wuce ta nake yi.