Gargaɗi: mai sayar da sifika da ke ɗora wa zafin ɗaki laifi

Jama'a a yi hattara da wani mai tallan sifikun gida a Facebook, irin masu rufaffen akwati marasa ramin iska. Naira 180,000 guda biyu. Da an kai gida bas, wato sautin nan mai kauri, ya fara karce-karce, sai ya ce wai zafin ɗakinka ne ya kumbura iskar ciki, a kawo 35,000 ya canza gas. Gas! A sifika! Bayan 180,000, wata 35,000 kuma.

Babu wani gas a ciki, iska ce irin wadda muke shaƙa. Akwatin ma ba ya rufuwa ɗari bisa ɗari, iska na silalewa a hankali, don haka matsin ciki da na waje suna daidaita da kansu. Abin da zafi ke yi ɗan kaɗan ne. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke motsa fuskar sifika, tana ƙara turjiya ga lantarki kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, wato daga digiri 25 zuwa 40 kusan kashi 6, ƙara ta ragu da kamar rabin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti), kunne da ƙyar zai ji. Da sanyin hunturu robar da ta kewaye fuskar sifikar takan ɗan sandare, bas ya ragu, ɗaki na ɗumama ta saki. Shi ke nan. Zafin ɗaki ba ya jawo karce. Koyil ce ta taɓa ƙonewa aka sake naɗe ta a karkace, tana gogar maganaɗisu.

Kuma kada wani ya ce masu sayen sakarkaru ne. A shago ya kunna musu, sauti tas, har da "Wallahi Alhaji, tokumbo ce, ba a taɓa kwance ta ba". Ashe a ƙasa-ƙasa ya kunna, da waƙa marar bas. Tun kafin nan ma ya riga ya karɓi rabin kuɗi ta taransifa. Wa zai zarge shi, mutum yana rantsuwa? Ba a taɓa kwance ta ba, ga gam sabo a gefen robar, ga kawunan sukurori duk sun cinye!

Hotunan hirarsa da masu sayen da rasit ɗin 35,000 ɗin suna nan.

Kafin ka biya, kashe ta, ka baza yatsu ka danna fuskar a hankali. Ka ji gogayya, ajiye musu. Sa mitar auna turjiya: sifika mai 8 om ta nuna wajen 6. Ka sa mai sayarwar ya kunna da ƙarfi, da waƙarka ba tasa ba.