Gargaɗi ga ƴan Damagaram: masu tallan duwatsun mutanen da da takardar bogi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don a gidanmu abin ya faru. Wanda abin ya shafa shi ya ce in faɗa, kada wani ya afka ramin da ya afka.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da ɗan shago kusa da Kasuwar Dole. Tun yana yaro yake son tsintar duwatsu, har yau yana ajiye da gatarin aradu biyu da kakarmu ta bar masa, irin waɗanda tsofaffi ke cewa tsawa ce ta jefo su. Wani mutum ya riƙa zuwa shagon ana shan shayi, ya ce daga haƙar zinariya ta Jado ya dawo. Bai yi gaggawa ba. Sai a zuwa na huɗu ya kwance ƙullin tsumma, ga kawunan kibiya na dutse, ga ƴan gatura masu santsi. Ya ce buhu guda gare shi, a hamadar Tenere ya kwaso, kuma akwai wani Bature a Faransa da zai sayi kowane ɗaya jika hamsin, kuɗin takardar shaida ne kawai ya gagare shi. Washegari aka kira ƙanena ta WhatsApp da lambar waje, wani yana zuba Faransanci, yana cewa a yi sauri. Ya biya jika 300 na kaya, ya ƙara jika 150 na takarda. Da aka ce saura kuɗin duwan, wato kwastan, sai jikinsa ya ba shi, ya zo ya ce, "Yaya, duba mini takardar nan." Kafin magariba duka lambobin biyu sun daina shiga.

Tarihi nake koyarwa, kuma layi ɗaya na karanta na san an cuce shi. An rubuta wai an gwada duwatsun da karbon 14, shekararsu 200,000. Ƙarya biyu ke nan a jimla guda. Karbon 14 abin da ya taɓa rayuwa yake aunawa: gawayi, ƙashi, itace, ƙwayar hatsi. Ba ya gaya maka ranar da aka sassaƙa dutse. Ko a kan ƙashin ma, iyakarsa wajen shekara 50,000. Masana suna sanin shekarun kayan dutse ne daga inda suka same shi: a wane zurfin ƙasa yake, wane gawayi ko ƙashi ke gefensa, da wane irin kasko yake kwance. Dutsen da aka zuba a buhu ya rabu da shaidunsa. Duk wanda ya miƙo maka takarda mai hatimi da adadin shekaru a kan dutsen buhu, a ɗakin buga takardu ya haɗa ta.

Daren nan muka zazzage buhun a tabarma, muka kawo ruwan zafi da sabulu da burushi. Ruwan ya yi baƙi, mai yana yawo a samansa, ga warin baƙin man mota da man goge takalmi. Dutsen da ya daɗe a hamada yana yin wata irin fata mai duhu da sheƙi wadda sabulu ba ya fitarwa, kuma yashi da iska sun lashe kaifinsa ko'ina, har cikin ƴan ramukan sassaƙar. Waɗannan kuwa da aka wanke sai suka fito fes, bakinsu na yankar yatsa kamar fasasshiyar kwalba, akwai farin gari maƙale a inda aka ɓantare. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma mun ga ɗigo-ɗigon toka mai walƙiya a gefen wasu kawunan kibiyar, sawun ƙusa ko guduma ke nan, alhali mutanen da suka yi na gaske da dutse da ƙaho da ƙashi suka yi aiki. Gaturan ma haka. Na kakarmu in ka shafa za ka ji santsin bai zama ɗaya ba, layukan gugar suna karkata nan da can, aikin hannu ne a kan dutsen wasa. Na buhun layukansu a jere suke reras, duk fuska ɗaya, irin na injin wasa wuƙa. Kuma kusan talatin girmansu ɗaya, launinsu ɗaya.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ya zama gwani. Maƙaryacin da ya ƙware yana iya wuce duk gwajin da na ambata, shi ya sa ake kai wa masana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne guda huɗu da ba su canza ba bayan wanki. Ga dukkan alama na gaske ne, su ne aka fara nuna masa a ƙullin tsumma. Wato wani ya je wani wuri a arewa ya kwashe su, kuma ba wanda zai ƙara sanin ko ina ne. Ku tuna Gobero, a jihar Agadas, wurin da ayarin wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ya gano a 2000 suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da. An samu kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, an ga mace da yara biyu an binne su rungume da juna shekara 5,000 da wani abu da suka wuce. Don an tarar da kome a inda yake ne aka ƙara tabbatar da cewa Tenere ta taɓa zama ƙasar ruwa, da kifi da dorina da kada. Da ƴan buhu ne suka riga isa, da ba abin da zai rage sai ƴan duwatsu a faifan wani ɗan kasuwa. Mu ma nan jiharmu muna da Termit, inda ake samun kayan dutse da tsofaffin wuraren narka ƙarfe. Kowane jika da muka biya mai buhu, kuɗin mota ne muka ba shi ya koma ya ƙara kwasowa.

Sannan ga doka. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997. Tono ba izini laifi ne, fitar da kayan waje ba izini laifi ne. Ka ga ko da Baturen nan yana nan da gaske, ƙanena ne za a kama da kaya a hannu, ba shi ba. Maƙaryatan sun san haka sarai, da shi suke rufe bakin wanda suka cuta, don yana tsoron ya kai ƙara a tambaye shi ina ya samu.

In ka tsinci irin wannan dutse a gona ko wajen kiwo, abin da ya fi shi ne ka bar shi inda yake, ka ɗauki hoto da waya, ka riƙe wurin, ka sanar da hukuma ko gidan adana kayan tarihi na nan Damagaram. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, akwai cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, can masu ilimin tono suke. Malaman tarihi na jami'ar André Salifou ma suna nan kusa da mu. Kada ka tura wa kowa kuɗi ta waya don ya duba hoto ya ba ka shaida.

Mun kai ƙara wurin ƴan sanda da buhun da takardar da lambobin wayar. Guda huɗun nan mun ware su daban, ranar Litinin za mu kai su gidan tarihi. Mutumin ya taɓa ce wa ƙanena yana da masu saye a Zango da Sabon Gari, kuma zai wuce Mirya da Gure. In ya zo maka, ko ka riga ka ba shi kuɗi, don Allah kada kunya ta hana ka, ka je ka ƙara naka bayanin a kan namu.