Sharhina kan Django bayan na gina manhajar lissafi da shi a Katsina

Duk mai rubuta manhaja shi kaɗai, ba abokin aiki ba mai duba masa kod, ina ba shi shawarar Django, wato tsarin kayan aiki na gina manhajar intanet, ba tare da kokwanto ba. Da shi na gina ɓangaren bayan fage na manhajar wani Alhaji mai sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina, wadda ke riƙe lissafin kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da bashin masu shaguna unguwa-unguwa. Kyauta ne, da harshen Python aka rubuta shi, kuma asalinsa gidan wata jarida ce, Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi kafin a sake shi ga jama'a a 2005. 'Yan jarida ba sa jira, kuma ana ganin alamar haka a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafin gudanarwa da yake zuwa da shi. Da ka bayyana teburan bayananka ka yi musu rajista, sai ga shafi na shigar da kaya, gyara su, bincike, har da ba kowane ma'aikaci iyakar abin da zai taɓa. Yaron shago yana shigar da ciniki amma ba zai iya goge bashi ba. Wannan kaɗai ya kwantar wa Alhaji hankali. Haka nan sauya fasalin rumbun bayanai: tun sigar 1.7 ta 2014 umarni biyu ne, makemigrations da migrate, bayanan da ke ciki kuma suna nan daram.

To amma Django bai san haruffanmu ba, kuma wannan ya ci mini rai ƙwarai. Akwai wani aikinsa mai suna slugify da ke mayar da suna ya zama adireshin shafi. Duk harafin da ba zai iya mayarwa na Turanci zalla ba, jefar da shi yake yi shiru. Harafi mai ɗigo a ka irin na Faransanci yakan tsira, a cire masa ɗigon kawai. Namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa tsira. Na buɗe jerin unguwanni na tarar Ƙofar Ƙaura ta koma ofar-aura, Ƙofar Soro ta koma ofar-soro. Ana iya gyarawa da allow_unicode, zaɓin da ke sa slugify ya bar haruffan yadda suke, sai dai matsalar ba ta ƙare nan ba, don yaran shago da k ta gama-gari suke rubutu a waya, bincike kuma ba zai haɗa ta da ƙ ba. Dole na rubuta ɗan aiki na kaina da ke ajiye kowane suna iri biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya na bincike. A sigar 4.2 da nake kai ma babu Hausa cikin harsunan shafin gudanarwa, alhali Ibo ya shiga tun 3.1 a 2020. Masu sa-kai ne ke yin fassarar, don haka mu ake jira.

Sai agogo. Sabon aiki a Django yana farawa ne da lokacin UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. Lokacin azumi, da ake loda kaya har bayan sha biyun dare, cinikin da aka shigar tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya sai ya faɗa lissafin jiya. Alhaji ya kira ni da asuba: “Malam, kuɗin aljihun tebur da na kwamfutarka sun ƙi haɗuwa.” Na ce, “Ranka ya daɗe, kuɗinka na nan, rana ce aka sauya musu.” Layi ɗaya ne maganin, a mayar da saitin lokaci, TIME_ZONE, zuwa Africa/Lagos.

Wani abu da ke cizon sabon shiga shi ne yadda Django ke ɓoye tambayoyin da yake aika wa rumbun bayanai. Kod ɗin yana da kyau a ido, amma shafi mai layin bashi 300 zai iya aika tambaya 301, ɗaya ta jerin, sauran na sunan kowane mai shago. A kwamfutarka ba za ka lura ba. Sai bayanai sun taru shafin ya fara jan ƙafa. Umarnin select_related ke tattaro su a tambaya guda.

Ɗora shi kan uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet, ma da wahalarsa. Da ka kashe DEBUG, saitin da ake kunnawa lokacin gwaji, kwalliyar shafuka takan ɓace har sai ka haɗa shi da Nginx ko WhiteNoise, manhajojin da ke isar da fayilolin kwalliyar, ga Gunicorn mai tafiyar da manhajar ma na jiran saiti. Littafin jagorarsa ne ya cece ni, don ana iya sauke shi gaba ɗaya a karanta ba intanet, abin da mai sayen data da fama da ɗaukewar wuta ya san darajarsa.

Idan ƙaramin aiki ne mai amsa tambayoyin manhajar waya kawai, takwarorinsa na Python, Flask ko FastAPI, sun fi shi sauƙin nauyi. Mai fara sabon aikin lissafi irin nawa kuwa ya ɗauki 5.2 da ta fito a Afrilun 2025, don tana cikin sigogin da ake yi wa gyaran tsaro na shekara 3.